Dakali da Dandali: Yadda Unguwa Ke Ɗaure Ƙafar Yaro da Tsoho Ko Ta Sake Ta

Baffana ya yi shekara sittin da ɗoriya a cikin birnin Kano, a wani lungu da ko kurar mai ga-ruwa sai da dabara take wucewa. Tsakanin zaurensa da masallacin unguwa taku ɗari uku ne ko ƙasa da haka. Na sha ƙirgawa ina yaro, idan na riƙe masa buzu. Sau biyar yake zuwa, sau biyar yake dawowa. Taku dubu uku ke nan kullum, kafin a sa zuwa kasuwa da dubiya da jana'iza, da zaman bayan la'asar a dakalin wani amininsa mai ɗinkin hula. Bai taɓa kiran wannan da sunan motsa jiki ba. A wurinsa fita ce, irin wadda ya taso ya ga mahaifinsa yana yi.

Da aka zo rabon gado aka sayar da gidan, babban ɗansa ya ɗauke shi ya kai shi sabon gidan da ya gina a bayan gari. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki. Kowa ya sa wa ɗan albarka, kuma ya ci a sa masa. Sai dai masallaci yana tsallaken kwalta, a ƙofar gidan kuma akwai kwata a buɗe wadda aka gitta wa katako. Wani dare na damina, a hanyar dawowa daga isha'i, babu wuta, katakon ya jiƙe, santsi ya kwashe shi. Bai karye ba, targaɗe ne. Amma daga ranar 'ya'yansa suka roƙe shi ya riƙa sallah a gida, tunda shari'a ta yi masa uzuri. Bayan kamar wata takwas na je gaishe shi, na tarar sai an kama shi yake tashi daga kan tabarma.

Na ce, "Baffa, ana ɗan fita kuwa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, in fita in je ina? Nan babu inda mutum zai zauna. Ƙafar ma ta fara manta hanya."

A falon gidan jikokinsa uku suna kwance a gaban talabijin, babban yana riƙe da wayar uwarsa. Ɗan sahu ke kai su makaranta da safe, shi ke dawo da su. Haka Islamiyya da yamma. Uwarsu ta ce ba ta barin su waje saboda gudun masu babur da tifofin da ke kai yashi, kuma ba ta san 'ya'yan waye a layin ba. Ban ga laifinta ba. Abin da na gani shi ne katanga ɗaya ta tsare mutum biyu da suka fi kowa bukatar waje: wanda jikinsa ke ginuwa da wanda jikinsa ke neman abin da zai riƙe shi.

Magidanci mai ƙarfi duk garin nasa ne. Yana da babur ko kuɗin mota, in ya ga dama ya je filin wasa na Ƙofar Mata ko Filin Sukuwa ya yi gudu da safe. Yaro ɗan shekara bakwai da tsoho ɗan saba'in da biyar kuwa, duniyarsu ba ta wuce inda ƙafa za ta kai su ta dawo da su lafiya ba. Shi ya sa duk nasihar da likita zai yi a rediyo cewa a riƙa motsa jiki, ga waɗannan biyun hukuncin yana hannun lungun da ke ƙofar gidansu.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 a bayyane yake. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. Babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako. Wanda ya kai 65 kuma an ƙara masa da motsin da ke ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa, aƙalla kwana uku a mako, don tsare shi daga faɗuwa. Wani bincike da masanan hukumar suka buga a 2019, wanda ya tattara bayanan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni. An daɗe ana ɗora laifin a kan lalaci, daga baya aka koma ɗora shi a kan waya. Amma tun wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce wasu masana suka fara duba ƙasa da gine-ginen da mutum ke rayuwa a cikinsu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a irin wannan aiki shi ne wanda Farfesa James Sallis ya jagoranta, mujallar The Lancet ta buga a 2016. An ɗaura wa mutum 6,822 'yar na'urar auna motsi a birane 14 na ƙasashe 10, daga Hong Kong zuwa Bogota, daga Ghent ta Beljiyam zuwa Curitiba ta Birazil. Aka gano mazauna unguwannin da suka fi daɗin tafiya a ƙasa sun fi mazauna waɗanda suka fi wahala da minti 68 zuwa 89 na motsi a mako. Wato unguwa kaɗai tana iya ba mutum kusan rabin abin da ake nema gare shi, ba tare da ya ƙudurta komai ba. Abubuwan da suka kawo bambancin su ne yawan gidaje kusa da juna, yawan mahaɗar hanyoyi, yawan tashoshin motar haya, da yawan wuraren shaƙatawa a kusa.

Babu birnin Afirka ko ɗaya a cikin goma sha huɗun nan. Irin wannan giɓin ne wasu masana a Jami'ar Maiduguri suka riga suka shiga cikewa, musamman Adewale Oyeyemi na sashen gashin ƙashi da abokan aikinsa. A wani bincike da suka buga a 2012 kan manya a Maiduguri, sun nuna cewa yadda mutum yake jin amincinsa daga miyagu da kuma daga ababen hawa yana da alaƙa da yawan motsinsa. Da suka koma kan tsofaffi 353 a garin, batun aminci ya sake fitowa cikin abubuwan da ke tafiya tare da yawan tattakinsu. Sun kuma haɗa kai da masana daga Ghana da Kamaru da Uganda da Mozambik da Afirka ta Kudu wajen sake tsara tambayoyin auna unguwa, domin waɗanda aka tsara don biranen Amurka ba su san hanyar ƙasa da kwata a buɗe ba. Darasin da na ɗauka daga aikinsu shi ne, a wurinmu kusanci kaɗai ba ya isa. Masallacin Baffa bai kai taku ɗari biyu daga sabon gidan ba. Ya fi na da kusa. Tsoro ne ya nisanta shi.

Idan mutum ya ɗauki jerin abubuwan da binciken Sallis ya gano ya shiga da shi cikin ganuwa, Mandawari ko Yakasai ko Dala, zai ga kusan duk suna nan tun kafin a san da binciken. Gidaje manne da juna. Lunguna suna haɗuwa suna rabuwa, kowane yana ɓullewa wani wuri. Masallaci, makarantar allo, mai kayan miya, injin niƙa, gidan mai ƙosai, duk a cikin tafiyar minti biyar. Ƙuncin lungun da ake kushewa shi ne ya hana abin hawa gudu. Kuma akwai inuwa; sunayen unguwanninmu ma shaida ne: Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Kurna, Ɗorayi, Giginyu. Bishiya ce ta fara tara mutane kafin wurin ya yi suna. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tsoho ba zai yi tafiyar da babu inuwa a cikinta ba, kuma bai kamata ya yi ba.

Abin da na fi so a tsaya a kansa shi ne dakali. Tudun ƙasa ne ko na siminti a jikin bango, ba ya cin kuɗin kirki, ba ya cikin taswirar kowane mai zanen gini. Amma aikinsa biyu ne. Na farko, shi ke raba wa tsoho tafiya gida-gida. Mai ciwon gwiwa ba zai iya taku ɗari biyar a jere ba, amma zai iya ɗari, ya zauna a gaisa, ya ƙara ɗari. Hanyar da babu wurin zama a kanta ta fi ƙarfinsa ko da gajeriya ce. Na biyu, tsohon da ke zaune a dakali shi ne mai gadin yaran layin, ba tare da an naɗa shi ba. Ya san ɗan wane ne wannan, ya san baƙuwar fuska, yana raba faɗa, yana tsawata wa mai babur. Uwa tana cikin gida hankalinta a kwance domin ta san Malam yana waje. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Jane Jacobs, ta yi suna a 1961 da bayanin cewa idanun mazauna ne ke tsare titi fiye da ɗan sanda. Kakanninmu sun gina wa idanun nan wurin zama tun da daɗewa. Shi kuma tsohon, hayaniyar yaran ce ke ba shi dalilin fitowa. Ka cire ɗaya, ɗayan ma ya koma ciki. Sabbin unguwanninmu, daga na masu hali har na awon igiya, da wuya ka ga dakali: katanga tana tashi daga bakin kwata, ba a bar ko taku ɗaya ba.

Ta ɓangaren yaro, wanda ya taso kafin shekarun nan ya san abin da dandali yake nufi. Da yamma langa, da kokawa, da gara taya, da tamaular tsumma. 'Yan mata suna 'yar gala-gala da carafke da tsallen igiya. Idan farin wata ya fito a yi gaɗa da wasan ɓuya. Azumi ya kai goma a fita tashe, a zaga unguwa uku a dare ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin langa, ƙafa ɗaya a riƙe ta baya yana tsalle yana ture abokin karawa, ya san babu wani atisayen daidaita tsayuwa da ya fi ta. Ba malami, ba kuɗin shiga, ba riga ta musamman. Abin da wasannin nan ke bukata fili ne kawai da ba na kowa ba, da babba a kusa. Wata masaniyar al'adu, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana nazarin rayuwar yara a Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta bayyana yadda yara suke su ne ƙafafun matan da ke kulle: su ke kai saƙo, su sayo, su sayar, su shiga kowane gida ba shamaki. Yaron wancan zamani ya san unguwarsa lungu-lungu tun bai kai goma ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan rashi ba, kuma waɗanda suka riga mu sun auna nasu. A Ingila, Mayer Hillman da abokan aikinsa sun gano cewa a 1971 kashi 80 cikin 100 na yara 'yan shekara bakwai da takwas suna zuwa makaranta ba tare da babba ba. Zuwa 1990 sun koma kashi 9. Babban dalilin da iyaye suka bayar shi ne tsoron mota. Abin yana ciyar da kansa: kowane uban da ya sa ɗansa a mota don tsoron titi ya ƙara wa titin mota ɗaya, ya kuma rage masa yaro ɗaya, sai titin ya ƙara zama abin tsoro ga ɗan maƙwabcinsa. A San Faransisko kuma, Donald Appleyard ya kwatanta tituna uku masu kama da juna a ƙarshen shekarun 1960. A titin da mota kimanin 2,000 ke bi a rana, mazaunin yana da abokai uku a layinsa. A wanda 16,000 ke bi, abokan ba su cika ɗaya ba. Mota ba sai ta buge mutum take cutar da shi ba. Tana yanke zumuncin tsallaken titi, zumuncin nan kuwa shi ne ke fitar da tsoho daga ɗaki.

Tsoron iyaye yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A Kano, tun da aka hana acaɓa a farkon 2013, adaidaita sahu ta cika gari, tana shiga inda mota ba ta shiga. Ta sauƙaƙa wa mata da tsofaffi zirga-zirga ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma ta kuma cinye 'yan tafiye-tafiyen da a da ake yi a ƙasa, ta shigar da gudu cikin layin da yara ke wasa. Ga filayen kuma sun tafi. Inda muka buga ƙwallo an yanka shi fuloti-fuloti, bakin makarantar firamare ya zama jerin shaguna, kududdufin da aka cike an yi gini a kai. Yara sun koma buga ƙwallo a kan kwalta, suna ɗauke duwatsun raga duk lokacin da mota ta taho.

Yarinya ta fi yaro asara. A binciken 2019 da na ambata, kashi 85 na 'yan mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza kuwa kashi 78. Namiji ko ta yaya zai sami kangon da zai buga ƙwallo, ko ya yi tattaki zuwa wata unguwa. Yarinya dandalin ƙofar gida shi ne kaɗai filin da al'ada ta yarje mata, domin yana ƙarƙashin idon iyaye. Da ya ɓace ba a ba ta madadinsa ba. Tsakar gidan ma da a da ake tsallen igiya a cikinta an cike ta da ɗakunan haya.

Dole a faɗi ɗaya gefen, don kada ƙaunar jiya ta rufe mana ido. Da yawa daga tafiyar yaran da Schildkrout ta gani talla ce, kuma talla ta hana 'yan mata da yawa karatu, ta jefa wasu cikin haɗari. Har yau yaron da ke turo kurar ruwa, da almajirin da ke yini yana zaga gari da ƙoƙo, sun ninka minti sittin ɗin nan sau da yawa, babu kuma mai hankalin da zai kira hakan lafiya. Tsohuwar da ke ɗauko itace daga nesa ba motsa jiki take nema ba, hutu take nema. Cikin birnin ma yana da nasa ciwon: cunkoso, kwatami, bola, da rikicin 'yan daba da ƙwacen waya da ke sa a rufe ƙofa tun magariba. Motsin da nake magana a kansa shi ne wanda mutum ke yi cikin aminci da son ransa, wasan yaro da tattakin tsoho. Talauci yana tilasta motsi, wadata tana kawo zama, kuma birane irin namu suna ɗauke da cutar biyun a lokaci guda, wani lokaci a layi ɗaya.

Ga tsoho, zama yana da saurin ɓarna fiye da yadda iyali ke zato. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma kacal. Sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Tsokar cinya ita ke ɗaga mutum daga tabarma, ita ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Idan ta tafi sai tsoron faɗuwa ya ƙaru, tsoron ya ƙara zaunar da shi, zaman ya ƙara cinye tsokar. Faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a duniya duk shekara, waɗanda suka haura sittin kuma su suka fi yawa a ciki. 'Ya'yan Baffa sun zaunar da shi ne don kada ya sake faɗuwa, da zuciya ɗaya, amma zaman ya kusantar da shi ga abin da suke gudu. Ga hawan jini da ciwon suga, waɗanda tafiya ke taimakawa wajen riƙe su. Ga kaɗaici, wanda ba ma yawan kiran sunansa domin muna ganin tsohon da ke cikin iyalinsa ba zai yi kaɗaici ba. Yana yi, idan babu sa'ansa da zai yi hira da shi.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ba a bukatar da yawa. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2019, kan mata 16,741 da shekarunsu suka kai kimanin 72, ya nuna masu yin taku 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa a shekarun da aka bi su, amfanin kuma yana ƙaruwa har wajen taku 7,500. Ajali na Allah ne, amma sababi ma shi ya halitta. Taku dubu ukun da Baffa ke samu daga salloli biyar kaɗai sun kai shi fiye da rabin hanyar 4,400. A Tokiyo kuma, wani bincike da aka buga a 2002 ya bi tsofaffi 3,144 tsawon shekara biyar, ya ga waɗanda ke da wurin tattaki da bishiyoyi kusa da gida sun fi yawa cikin waɗanda suka rayu.

Tsohuwa ba ta da salloli biyar a masallaci da za su fitar da ita. Tafiyarta ita ce barka da ta'aziyya da dubiya da biki, da Islamiyyar manyan mata, da leƙa ƙawa a gida na uku. Duk waɗannan sun dogara ne ga dangi da sani su kasance a kusa. Ranar da aka kai ta unguwar da ba ta san kowa ba, tafiyarta ta ƙare, sai ranar da aka sami mai kai ta a mota. Wannan ya kamata ya shiga lissafin duk ɗan da ke shirin ɗauke mahaifiyarsa daga tsohon gida don ya kyautata mata.

Sai batun tsallaka titi. A Ingila an tsara fitilun tsallakawa bisa zaton mutum yana tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa. Wani bincike a 2012 ya nuna fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka haura 65 ba sa kai wannan saurin. Can ke nan, inda akwai fitilar. Mu a nan an faɗaɗa tituna, an gina gadojin sama da na ƙasa, an sa shingen kankare a tsakiya, duk don mota ta wuce ba tsayawa. Inda aka tuna da mai ƙafa, gada ake yi masa mai matakala da yawa, wadda mai sanda ba zai iya hawa ba. Na sha ganin dattijo a bakin titi yana ɗaga hannu, yana jiran wani saurayi ya tausaya ya tsallakar da shi. Titin da ya raba unguwa biyu ya raba tsoho da rabin mutanensa.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. A hadisi ingantacce, Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu takunsu. An sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. An ce idan aka yi saɓani kan faɗin hanya a bar mata kamu bakwai. Malaman Malikiyya sun gina babi guda a kan haka: Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gini, har da na wanda ya ci hanya da katangarsa ko ya sako wa mutane ruwa, a ƙasarmu ma Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Khalid ya tattara irin waɗannan mas'aloli a ƙarni na 19 don amfanin alƙalai. To, mutumin da ya tura katangarsa taku biyu cikin layi, ko ya bar kwatarsa a buɗe, ko ya jibge yashi da bulo a hanya wata shida, ya shiga haƙƙin tsohon da ya daina zuwa jam'i saboda shi. Ina so in ji wannan a huɗubar Juma'a kamar yadda nake jin batun riba da tauye mudu.

Wasu ƙasashe sun juyo da akalar da gangan. A Holan, bayan haɗarin mota ya kashe yara fiye da 400 a 1971, iyaye suka fito da wata gwagwarmaya mai suna Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara. Daga cikin abin da ya biyo baya, a 1976 doka ta amince da titin unguwa wanda mota ke bi da saurin mai tafiya a ƙasa, yara kuma suna da ikon wasa a kansa. A Bogota ta Kolambiya, tun 1974 aka fara rufe tituna ga motoci ranar Lahadi, yau sun haura kilomita 120. Taron ministoci na duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a awa duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa. Babban aiki irin wannan na gwamnati ne, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Shi da hukumar tsara birni ne za su iya cewa wannan fili na yara ne, ba a yanka shi, su kuma buɗe filayen makarantun gwamnati da yamma maimakon a kewaye su da shaguna. Amma murfin kwata, da fitila mai aiki da hasken rana a kwanar masallaci, da tudun rage gudu, da darbejiya biyu a ƙofar gida, da dakali, waɗannan ba su fi ƙarfin mai unguwa da kwamitin masallaci da aikin gayyar Asabar ɗaya ba. Muna tara kuɗi mu sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki a masallaci. Hanyar da za ta kawo tsoho cikinsa ita ma tana cikin ginin.

A layin su Baffa, ɗansa ne ya fara. Ya sa aka zuba murfin kankare a kan kwatar, daga ƙofarsa zuwa ta maƙwabcinsa, ya kira magini ya ɗora bulo jeri biyu a jikin katanga ta gefen da inuwa ke sauka da yamma, aka shafe da siminti. Makon farko Baffa shi kaɗai yake zama da carbinsa. Daga baya wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke gida na huɗu, wanda shi ma ɗansa ne ya kawo shi, ya fara fitowa da 'yar rediyonsa. Da uwar yaran ta ga mutum biyu a waje, ta bar su su fita bayan Islamiyya, da sharaɗin kada su wuce inda Kaka zai gan su. Ranar da na koma na tarar an zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi a kan sabon murfin kwatar.

Kwaltar tana nan yadda take, tifofi suna wucewa. Azahar da la'asar babban jikan ne ke riƙe hannunsa su tsallaka, in babu makaranta. Asuba da isha'i har yanzu a ɗaki yake yin su, domin ba a sa fitilar ba tukuna. An ce ana jiran sauran gidajen su kawo nasu kason.